Kwamfuta 6 da firinta 1: yadda fayil ya yi wata tara yana yawo

Buƙatar ba ta da yawa: kwamfutar tebur guda 6, firinta 1 da kowa zai iya aika mata aiki daga mazauninsa, da na'urar riƙe wuta guda 6, irin wadda ake kira UPS, ɗaya ga kowace kwamfuta. Tsoffin injunan sashenmu ba su mutu ba, da ɗingishi dai suke tafiya, kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba saboda ba su da ƙwayar tsaron nan ta TPM 2.0, ga shi a lokacin kamfanin Microsoft ya riga ya sanar cewa zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ni aka ɗora wa bin takardar. Daga ranar da shugaban sashe ya sa hannu zuwa ranar da aka kunna kwamfutar farko a teburin mai ita, wata 9 da rabi aka yi. Da ƙura ta lafa na zauna da fayil ɗin na bi shi shafi-shafi, ina duba kwanan watan da ke ƙarƙashin kowane sa hannu. Sa hannu 31 na ƙirga. In aka tara ainihin lokacin da mutane suka ɗauka suna karantawa da rubutawa a cikinsa, da wuya ya cika kwana 3 na aiki. Ragowar duk zaman tire ne, wato farantin da ake jibge fayiloli a kan tebur, ko komawa baya.

Takardar buƙata ba ta tafiya ita kaɗai, sai an sa ta a fayil, fayil kuma ofishin rajista ke buɗe shi. Kwana 4 aka yi a nan, domin sai da suka laluba ko akwai tsohon fayil na sayen kayan kwamfuta da ya kamata a ci gaba a cikinsa. Akwai, ya cika, aka buɗe kundi na biyu. Abin da ya fi amfani a wannan zangon shi ne ka rubuta lambar fayil ɗin a wurin da ba za ta ɓace ba, ka kuma san inda littafin shige da fice yake. Duk wanda za ka tambaya nan gaba, in ka ce masa "takardar kwamfutocinmu", kallonka kawai zai yi. In ka faɗi lamba, sai ya buɗe littafi ya gaya maka ranar da ta shigo da wanda masinja ya kai wa.

Zango na gaba sito ne. Ƙa'ida ita ce ba a sayen abin da ke ajiye, don haka sai jami'in sito ya rubuta cewa babu. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Ya buɗe rajistar kadarori, ya bi da yatsa, ya ce, "Malam, a littafina kwamfutocinku shida duk lafiyarsu ƙalau. In na rubuta kuna buƙatar wasu, odita mai binciken kuɗi zai tambaye ni ina waɗannan suka tafi." Gaskiyarsa ce. Takardarmu ta ce muna son sababbi, ba ta kawo hujjar cewa tsoffin sun gaza ba. Abin da ake buƙata rahoton sashen kwamfuta ne, kuma ba rahoto na jimla ba: kowace na'ura da layinta, lambar da masana'anta ta buga mata, lambar kadara da ma'aikata ta liƙa mata, shekarar da aka saye ta, abin da ke damunta, da dalilin da ya sa gyara ba zai biya ba. Biyu daga cikin injunan lambar kadararsu ta goge, sai da aka tono takardar karɓarsu ta asali. Mako 3 ya tafi a wannan komawar ta farko, alhali da an haɗa rahoton da takardar tun ranar farko, da kwana ɗaya ya isa.

Komawa ta biyu laifinmu ne tsantsa. Mun rubuta sunan kamfani da samfurin da muke so, domin shi muka sani, shi muka yarda da shi. Sashen saye ya mayar da fayil da layi ɗaya: a cire sunan kamfani. Dokokin sayen kayan gwamnati kusan ko'ina sun hana a ɗaure buƙata da sunan kamfani guda, don kada a rufe wa sauran masu sayarwa ƙofa. In ya zama dole a ambaci suna, sai an biyo shi da "ko makamancinsa". Abin da ake so shi ne siffar kayan, a rubuce yadda za a iya aunawa ranar karɓa.

A nan ne ya kamata mutum ya zauna ya nutsu, domin duk abin da ba ka rubuta ba, ba za ka samu ba, kuma ba ka da bakin ƙorafi. Kwamitin da zai zaɓa zai ɗauki mafi arha cikin waɗanda suka cika sharaɗin da ke takarda, ba sharaɗin da ke zuciyarka ba. In ka rubuta "kwamfuta mai ɗaukar Windows 11" ka tsaya, mai sayarwa na iya kawo maka mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, domin mafi ƙarancin abin da manhajar ke nema ke nan, kuma bai karya ƙa'ida ba. Za ta kunnu, amma in ka buɗe shafuka goma na intanet da takardar lissafi ɗaya sai ta fara haki. Mu mun rubuta ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16, ma'ajiyar SSD gigabait 512, TPM 2.0, allo inci 24, ramin wayar sadarwa, lasisin manhaja na asali irin na ofis wanda za a iya haɗa shi da tsarin ma'aikata, garanti shekara 3 da gyara a wurin aiki, sannan sabuwa dal, ba wadda aka yi wa kwaskwarima ba. Wannan layin na ƙarshe mutane kan manta da shi. A na'urar riƙe wuta mun rubuta ƙarfinta, VA 650, muka manta da neman ranar da aka ƙera batirin. A firinta mun rubuta mai tona, wato garin tawadar bugu, baƙi da fari, mai buga gaba da baya, muka manta da maganar girman tonar da za ta zo da ita. Duka mantuwar biyu sun jira mu a gaba. Mako 2 a wannan zagayen.

Sai kasafin kuɗi. Akanta ya duba ya ga mun haɗa kwamfutoci da firinta da kwalin tona 4 da takardar bugu a buƙata ɗaya. Kwamfuta da firinta kadara ne, daga kason manyan ayyuka ake biyansu. Tona da takarda kayan ƙarewa ne, daga kuɗin gudanarwa na yau da kullum suke fita. Aljihu biyu ne, ba a zuba wannan cikin wancan sai da izini daga sama, wani lokaci ma daga wajen ma'aikatar gaba ɗaya. Aka ce a raba takardar biyu. Ya kuma duba ko kayan na cikin jadawalin saye na shekarar, wato jerin abubuwan da kowace ma'aikata ke miƙawa tun kafin shekara ta kama. Allah ya taimake mu wani ya sa "kayan kwamfuta" a jadawalin bara. Ba don haka ba, da sai dai a jira shekara mai zuwa ko a nemi gyaran jadawali, wanda shi ma fayil ne mai zaman kansa.

Akwai rabawar da doka ta yarda da ita, akwai wadda ta hana, kuma sabon shiga kan rikita su. Raba tona da kwamfuta saboda aljihunsu daban, daidai ne. Raba kwamfuta 6 zuwa uku-uku don kowane kashi ya faɗo ƙasa da iyakar da darakta ke iya amincewa da ita shi kaɗai, wannan sunansa tsinka kwangila, laifi ne, kuma shi ne abu na farko da odita ke nema: takardun oda biyu, kaya iri ɗaya, mai sayarwa ɗaya, kwanaki kaɗan a tsakani. Wani abokin aiki ya ba mu wannan shawarar da zuciya ɗaya, don ya ga muna wahala. Da mun bi, da kayan sun iso da wuri, da kuma wanda ya sa hannu ya shekara yana amsa tambaya.

Da aka gama rabawar, mako 3 ke nan, akanta ya rubuta cewa akwai tanadi a kasafi. Na yi murna da wuri. "Kuɗin suna nan a takarda," in ji shi, "ba su zo ba tukuna." Kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ba ne a hannu. Baitulmali kan saki kuɗi kashi-kashi, galibi wata uku-uku, kuma albashi da kuɗin gudanarwa ne ke gaba, kason manyan ayyuka shi ke zuwa a baya. Akanta mai hankali ba ya bari a ɗaure ma'aikata da oda kafin takardar sakin kuɗi ta iso. Aka rubuta wa fayil haruffan nan uku da duk ma'aikacin gwamnati ya sani, KIV, wato a ajiye ana dubawa. Mako 7 ya yi a ajiye. Babu wanda ke dubawa sai wanda ya damu, don haka duk ranar Litinin nakan leƙa in tambaya, kuma ranar da takardar ta iso ni na tuna musu cewa akwai fayil a ƙasan tire.

Maganar tiren nan tana da lissafi. Wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar a 1961 cewa matsakaicin lokacin da abu ke yi a layi daidai yake da yawan abin da ke layin a raba da yawan wanda ake sallama a kowane lokaci. In tebur na da fayil 60 a tire, mai teburin kuma yana sallamar 6 a rana, kowane fayil zai yi kimanin kwana 10 na aiki, ko da kuwa karanta shi minti uku ne. Ba lalaci ba ne, kuma zagin mai teburin ba ya rage komai. Abin da ya fi ciwo shi ne fayil ɗin da aka mayar baya ba ya dawowa inda ya tsaya, bayan layi yake komawa a kowane tebur da zai sake bi. Shi ya sa kuskuren layi ɗaya a takardar farko ke cin mako uku. Sannan tire ba ya bin tsarin wanda ya riga zuwa: sabon fayil a sama ake ɗora shi, daga sama kuma ake ɗauka, na ƙasa sai ranar da mai shi ya zo nema.

Da kuɗi suka samu, sashen saye ya nemi takardar farashi daga masu sayarwa uku, abin da a ofis ake ce wa kwoteshan. Ƙananan saye haka ake yinsu, manya kuma sai an buga tanda, wato sanarwar neman masu kwangila, a fili kowa ya shigo. Uku suka kawo cikin mako 2, amma uku a hannu ba uku ba ne a ƙa'ida. Ɗaya takardar shaidar biyan harajinsa ta ƙare. Ɗaya ya rubuta farashi ba tare da harajin kaya ba, sai ya zama kamar shi ne mafi arha alhali ba haka ba ne. Na ukun ya sa garantin shekara 1 maimakon 3. Sai da aka rubuta wa kowa ya gyara, domin ba a kwatanta farashi sai kayan da ake kwatantawa sun zama iri ɗaya, layi da layi. A ƙasan kowace takarda kuma akwai ƙaramin rubutu da ban kula da shi ba a lokacin: farashin na aiki na kwana 30.

Wannan ƙaramin rubutun shi ya fi komai cinye mana lokaci. Jimlar kuɗin ta haura iyakar darakta, don haka sai kwamitin tanda ya zauna. Kwamitin ba shi da ranar zama tsayayya, sai sakatarensa ya tara fayiloli sun yi yawa, sai kuma an samu adadin mambobin da doka ta ce. Zama na farko shugaban ya yi tafiya. Na biyu wakilin sashen kuɗi na wurin taron kare kasafi, adadi bai cika ba. Da suka zauna a mako na 6, takardun farashin ukun duk sun mutu. Kwamiti ba ya amincewa da farashin da mai shi ba ya ɗaure da shi. Aka koma neman sababbi. Kayan kwamfuta yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin kuɗi, don haka sababbin takardun suka zo sama da kiyasin da akanta ya riga ya keɓe. Fayil ya koma sashen kuɗi neman ciko, daga can zuwa wurin darakta ya amince da cikon, sannan ya dawo layin kwamiti, sabon kwana 30 kuma na ta ƙirgawa. Mako 5 a wannan kewayen.

A nan ne na gane cewa agogo uku ke bin fayil ɗin, kuma babu wanda ya san da ɗan'uwansa: na takardar farashi mai kwana 30, na kwamiti da ba shi da lokaci, da na shekarar kuɗi da ke matsowa. Maganin na farkon yana da sauƙi har abin ya ba ni haushi. A takardar neman farashi ana iya rubuta cewa dole farashin ya tsaya kwana 90. Mai sayarwa zai ɗan ƙara wani abu don kare kansa, amma wannan ƙarin bai kai asarar zagaye guda ba. In kuma kwanakin sun kusa cika, ana iya rubuta wa masu sayarwar duka a nemi su tsawaita a rubuce kafin ranar ta wuce. Bayan ta wuce babu tsawaitawa. A zagaye na biyu haka muka yi. Na kuma shiga wurin darakta da takarda rabin shafi mai nuna ranar da farashin zai mutu. "Ranka ya daɗe, in ba a zauna kafin ranar nan ba, karo na uku za mu koma." Ya karanta, ya ɗaga waya ya kira sakataren kwamiti. Cikin mako 3 aka zauna aka amince.

Duk da haushin da na sha, ban ga matakin da zan ce a soke shi ɗungurungum ba. Shaidar sito na hana a sayi abin da ke ajiye, hana sunan kamfani na toshe hanyar a rubuta buƙata don ɗan'uwa, farashi uku da kwamiti na hana mutum ɗaya ya zaɓa ya kuma biya. Dokokin ƙasashe da yawa a kan wannan ginshiƙin suke, irin ta Ghana ta 2003, ta Najeriya ta 2007 da ta Kenya ta 2015, kuma sun yi kama da juna domin akwai samfurin doka da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki ta fitar a 1994, ta sabunta a 2011. Matsalar ita ce an jera matakan ɗaya bayan ɗaya alhali da yawansu za su iya tafiya tare, kuma ana bi da kwamfuta shida kusan yadda ake bi da ginin gada. Samfurin na 2011 ma ya tanadi mafita: a yi gasa sau ɗaya, a ƙulla yarjejeniya ta wani tsawon lokaci da masu sayarwar da suka ci, duk sashen da ke buƙata sai ya yi oda a ƙarƙashinta ba tare da sabon zagaye ba. Koriya ta Kudu ta mayar da sayen gwamnati kan intanet tun 2002, Indiya ta buɗe kasuwar gwamnati ta intanet a 2016. Kwamfuta ba ta hana fayil kwana a wurin mutum, amma tana nuna wurin wa ya kwana, da kwana nawa, kuma wannan kaɗai kan sa hannu ya yi sauri.

Takardar oda ta fita da wa'adin kwana 21. A kwana na 10 ɗan kwangilar ya rubuto cewa samfurin da ya yi farashinsa an daina kawo shi, ga wanda ya gaje shi. Kayan kwamfuta haka suke, watanni kaɗan samfuri ya juya. Ba a karɓar canji da baki: sai sashen kwamfuta ya gwada siffar sabon da abin da ke cikin oda, ya rubuta cewa ya kai ko ya fi, farashi kuma bai motsa ba, sannan sashen saye ya gyara takardar. Kaya suka iso a mako na 5.

Isowar kaya ba karɓa ba ce. Mutum huɗu ake buƙata a tsaye lokaci ɗaya: jami'in sito, ma'aikacin sashen kwamfuta, wakilin odita, da wakilin sashen da ya nema. Haɗa su ya ci kwana 4, kwalaye na jibge a sito. Ranar dubawa akwai jarabar a buɗe kwali ɗaya a ce sauran haka suke. Kada a yarda. Kowace kwamfuta sai an kunna ta, an shiga bayananta an ga ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da idanu, an gwada lambar da ke jikinta da ta kwali da ta takardar kawo kaya, an duba ko lasisin manhajar ya kama, an kuma shigar da lambar a shafin masana'anta a ga ranar da garantinta ya fara da ranar da zai ƙare. Wannan na ƙarshen shi ke tona asirin tsohuwar na'ura da aka sake wa kwali. Namu sababbi ne, amma 2 daga cikin 6 gigabait 8 ne a cikinsu maimakon 16. Ɗan kwangilar ya ce kuskuren ɗauko kaya ne, ya nemi a sa hannu zai kawo cikon gobe. Jami'in sito ya ce a'a, kuma shi ke da gaskiya: da zarar an sa hannu a takardar karɓa, ma'aikata ta shaida cewa kaya sun cika, abin da ya rage roƙo ne. Sai dai ƙin sa hannun ya riƙe har huɗun da ba su da matsala, domin odar ba ta tanadi karɓar wani kashi ba. Layi ɗaya a cikin odar da ya halatta haka, da mutum huɗu sun fara aiki mako 2 kafin lokacin.

Bayan karɓa aka shigar da kayan littafin sito, aka ba kowanne lambar kadara aka liƙa, sannan muka cika takardar fitar da kaya daga sito, wadda ita ma sa hannu uku take nema. Kwamfuta da allonta da na'urar riƙe wutarta kowanne lambarsa daban, da sunan ɗakin da zai zauna.

Ranar da aka jera su a tebur muka ga abin da babu wanda ya sa a takarda. Ramukan sadarwa 4 ne a bangon ɗakin, injuna 7 ke buƙata har da firinta. Jan waya aikin sashen gyare-gyare ne, da nasa fayil ɗin. Muka lallaɓa da aron ƙaramin akwatin raba layi daga sashen kwamfuta. Biyu daga na'urorin riƙe wutar ko minti ɗaya ba sa riƙewa. Batirin cikinsu irin na dalma ne mai bolt 12, yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, in ya yi watanni da yawa a ajiye babu caji, musamman a wuri mai zafi, sai ya lalace tun yana cikin leda. Ranar dubawa mun kunna su sun yi haske, ba mu zare su daga bango da kwamfuta a jone mun ga minti nawa za su ɗauka ba, kuma gwajin ke nan. Wani kuma ya jona firintar a jikin ɗaya daga cikin na'urorin riƙe wutar, na'urar ta yi ƙara ta ɗauke: firinta mai tona tana jan wuta da yawa lokacin da take ɗumama abin da ke manna tonar a takarda, ƙaramar na'ura ba ta iya ɗauka, bango kai tsaye ake jona ta. Tonar da ta zo a cikinta ta gwaji ce, ba cikakkiya ba, ta ƙare da wuri. Fayil ɗin tonar da aka raba tun a wata na biyu kuwa, da yake babu mai binsa, yana nan inda aka bar shi.

Mu mun samu kayanmu, ɗan kwangilar bai samu kuɗinsa ba. Kafin a rubuta bauca, wato takardar izinin biya, sai takardu uku sun yi daidai: odar, takardar karɓar sito, da takardar neman biya ta mai kaya. Tasa tana ɗauke da sunan tsohon samfurin, ta sito na ɗauke da sabon, odita ya mayar. Lokacin an shiga wata na ƙarshe na shekarar kuɗi. Ƙasashe sun bambanta a nan, gwamnatin tarayyar Amurka na rufe littafi ranar 30 ga Satumba, Indiya da Japan ranar 31 ga Maris, Kenya ƙarshen Yuni, wasu da yawa ƙarshen Disamba, amma a galibin wurare hukuncin ɗaya ne: abin da ba a kashe ba ya koma baitulmali, bashin da ba a biya ba ya shiga layin sabuwar shekara. Shi ya sa watan ƙarshe sashen kuɗi ke cika da bauca, kowa na gudun rufewa. An biya shi saura kwana 6. Ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa duk farashin da yake ba gwamnati da kuɗin jira a ciki, domin shi ma bashi ya ci ya sayo kayan, kuma masu sayarwa da dama sun daina amsa takardar neman farashi saboda haka. Wannan ne ya sa samun kwoteshan uku masu kyau ke wahala tun farko.

Tsoffin kwamfutocin 6 suna kusurwar ofis, an ɗora su kan juna an rufe da tsohon labule. Ba a zubar da su, ba a ba wata makaranta, ba a ko mayar da su sito, sai kwamitin tantance tsoffin kadarori ya zauna ya gan su, ya rubuta a cire su daga rajista, sashen kwamfuta ya goge ma'ajiyarsu ya ba da shaida, sannan a yanke ko gwanjo ko lalatawa. Har yau a littafin jami'in sito sashenmu kwamfuta 12 gare shi. Na rubuta takardar neman zaman kwamitin, na haɗa da rahoton nan na kowace na'ura da layinta, rajista ta ba ta lamba ranar Talata.